Keken Ɗinki a Tarihin Japan: Tambayoyi da Amsoshi

Sunayen Juki da Brother da Janome sanannu ne ga duk wanda ya taɓa zama a shagon tela, amma ba kowa ya san yadda Japan ta tashi daga mai sayo keken ɗinki daga waje zuwa mai sayar wa duniya ba. Tambayoyin da ke ƙasa sun bi wannan tarihi tun daga tsakiyar ƙarni na 19, tare da duba abin da keken ya yi wa suturar Japanawa, da aikin mata, da harkar sayen kaya bashi.

Yaushe keken ɗinki ya fara shiga Japan, kuma su wa suka fara aiki da shi?

Ya shiga ne a daidai lokacin da ƙasar ta buɗe ƙofarta ga Turawa, bayan ta shafe fiye da shekara 200 tana taƙaita hulɗa da ƙasashen waje. Jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry sun iso a 1853, aka ƙulla yarjejeniya a 1854, sannan aka buɗe tashar Yokohama ga fataken ƙetare a 1859. Kekunan farko sun zo ne a matsayin kyauta da tsaraba. Nakahama Manjiro, masuncin nan da wani jirgin Amurkawa ya ceto yana yaro, wanda ya yi karatu a Amurka ya dawo gida ya zama tafinta, ya shigo da keke guda bayan ya raka tawagar Japan zuwa San Francisco a 1860.

Waɗanda suka fara cin abinci da keken maza ne, wato telolin da ke yi wa Turawan Yokohama da Kobe ɗinki. Daga nan gwamnatin Meiji, wadda ta karɓi mulki a 1868, ta zama babbar mai ba da aiki, domin ta sanya wa sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan gidan waya da na jirgin ƙasa kayan sarki irin na Turawa. A 1872 aka mayar da suturar Turawa kayan bukukuwan fada ga manyan jami'ai, a 1873 kuma aka fara ɗaukar samari aikin soja na dole, wanda ke nufin dubban riguna da wanduna da ba za a iya gamawa da allurar hannu ba. Masu ɗinka tabi, wato safar gargajiya mai raba babban yatsa da sauran yatsu, su ma sun karɓi keken tun kafin ƙarnin ya ƙare. Garin Gyoda da ke lardin Saitama ya bunƙasa a kan wannan sana'a har ya kai a 1938 yana fitar da tabi kimanin ƙafa miliyan 84 a shekara, kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ƙasar ke ɗinkawa.

Tun da matan Japan sun ƙware a ɗinki, me ya hana su karɓar keken da wuri?

Abin da ya hana su shi ne rigar gargajiyar da suke ɗinkawa, wato kimono, kuma duk sauran tarihin a kan wannan matsala ya ginu. Ana yanka kimono ne daga turmin yadi siriri, mai faɗin kimanin santimita 36 zuwa 38 da tsawon kusan mita 12. Ana raba turmin gida takwas, kowane yanki miƙaƙƙe mai kusurwa huɗu, babu lanƙwasa a hammata ko a ƙugu, kuma ba a zubar da ƙyalle ko kaɗan. Idan mai rigar siririya ce, sai a naɗe rarar yadin a cikin ɗinki a bar shi, saboda wata rana za a buɗe wa wata mai jiki.

Muhimmin abu shi ne wanki. Rigar siliki mai shafi ba a jefa ta cikin ruwa yadda take. Uwar gida kan zauna ta warware ɗinkin gaba ɗaya, ta jera yankunan ta harhaɗa su su koma dogon turmi, ta wanke, ta shafa musu sitaci, sannan ta manna su a jikin dogon allo ko ta ɗame su da siraran sandunan gora masu tsini a baki biyu har su bushe sumul. Bayan haka sai ta sake ɗinke rigar, wani lokaci ta juya gefen da ya koɗe ya koma ciki, ko ta mayar da rigar babba ta yaro, in ta tsufa kuma ta zama murfin katifa. Ɗinkin da ya dace da wannan tsari shi ne na zare ɗaya mai sassauci, wanda ake zarewa cikin sauƙi ba tare da ya ji wa yadin ciwo ba. Keke kuwa zare biyu yake sarƙewa, na sama da na ƙasa, ya ɗaure su tamau, ya bar layin huji a jikin siliki. Ƙarfin ɗinkin da ake tallar keken da shi a Amurka ya zama aibi a wurin mai kimono.

Ga kuma matsayin allura a tarbiyya. Iya ɗinkin hannu yana cikin ma'aunin da ake auna budurwa da shi kafin aure, ana koyar da shi a makaranta da gidajen malamai mata, har akwai bikin shekara-shekara da masu ɗinki ke kai tsofaffin allurai da karyayyu wurin bauta su soka su cikin tofu, wato awara, a ranar 8 ga Fabrairu a yankin Tokyo, ko 8 ga Disamba a yammacin ƙasar. Mai son sayar da keke a irin wannan gida sai ya fara shawo kan mutanensa su so wata sutura daban, su koyi wani ɗinki daban.

Ta yaya kamfanin Singer ya mamaye kasuwar?

Singer, kamfanin Amurka, ya buɗe harkarsa a Japan a 1900, ya kawo tsarin da ya riga ya gwada a ƙasashe da dama. Bai dogara da 'yan kasuwar gari ba. Shagunansa ya buɗe, ya ɗauki ma'aikatansa, ya raba musu unguwanni. Akwai mai talla da ke bi gida-gida, akwai mai karɓar kuɗi da ke zagayowa kowane wata, akwai kuma malama mace da ke shiga cikin gida ta zauna da matar da ta saya, ta nuna mata yadda ake zura zare, da taka feda, da zuba mai, da yanka rigar yaro. Wannan malama tana da muhimmanci ƙwarai, domin keken da aka saya aka kasa sarrafawa shi ne wanda ake daina biyan kuɗinsa. A 1906 aka buɗe makarantar ɗinki ta mata ta Singer a unguwar Yurakucho da ke Tokyo, ƙarƙashin Hata Rimuko, matar Hata Toshiyuki wanda babban jami'in kamfanin ne, kuma daga irin wannan makaranta malaman suke fitowa.

Kuɗin keke ya fi albashin wata na matsakaicin ma'aikaci nesa ba kusa ba, saboda haka daga 1907 kamfanin ya fara sayarwa a biya kaɗan-kaɗan: a ba da kafin alƙalami, a ɗauki keke, a riƙa biya wata-wata. Japanawa sun san saye bashi tun kafin wannan lokaci, amma ana yi masa kallon abin talaka da wanda bai iya tattali ba. Singer ya sauya masa riga, ya nuna shi a matsayin dabarar iyali mai tsari, wanda ke ware wani abu daga albashi don mallakar kadara. Kamfanonin da suka zo daga baya suna sayar da rediyo da firji da talabijin a kan wannan turba suka bi, har gwamnati ta kafa dokar sayarwa kashi-kashi a 1961.

Tallar kanta fuska biyu gare ta. Ana gaya wa matar ma'aikaci cewa keke alamar gidan zamani ne, za ta ɗinka wa 'ya'yanta kaya ta rage kashe kuɗi. Ana kuma tuna mata cewa miji na iya mutuwa ko ya rasa aiki, kuma mace mai keke ba ta rasa abin yi. Zuwa farkon shekarun 1930 kamfanin yana da ɗaruruwan shaguna da dubban ma'aikata a Japan da yankunan da take iko da su, irin su Koriya, kuma mafi yawan kekunan gida da ake sayarwa nasa ne. Duk da haka bai gina masana'anta a ƙasar ba. Daga masana'antunsa na Amurka da Scotland ake yo jigilar kayan.

Shin keken ne ya sa matan Japan suka koma suturar Turawa?

Ya taimaka, amma a hankali, kuma ta hannun yara ya fara. Matar sarki Meiji ta fara fitowa da suturar Turawa tun 1886, sai dai abin ya tsaya a fada da gidajen manya. A 1925 wani malami mai suna Kon Wajiro ya tsaya da mataimakansa a titin Ginza, unguwar da ta fi kowace gayu a Tokyo, suna ƙirga masu wucewa. Sun samu kashi 67 cikin ɗari na maza sanye da kayan Turawa, mata kuwa kashi ɗaya kacal. Idan haka Ginza take, ba sai an tambayi ƙauye ba.

Abin da mata ke ɗinkawa a keke a wancan zamani shi ne kayan yara, da rigunan makaranta, da kayan ciki, da rigar aikin gida. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo da Yokohama a 1923 an ƙara jin muryar masu cewa kimono na hana mace sauri da walwala, kuma wata sakakkiyar rigar shan iska da ake kira appappa ta bazu daga yankin Osaka a lokutan zafi. Makarantu ne suka yi babban aikin. Namiki Isaburo, tela mai ɗinkin mata da yara, ya haɗa kai da Endo Masajiro, wanda mai tallar Singer ne, suka kafa makarantar Bunka, wadda ta samu amincewar hukuma a 1923. Sugino Yoshiko, bayan ta dawo daga Amurka, ta buɗe tata makarantar a 1926. Waɗannan makarantu biyu suka tsara hanyoyin auna jiki da zana tsarin yankan riga a takarda waɗanda suka dace da ƙirar matan Japan, kuma hanyoyinsu ne aka yi ta koyarwa a faɗin ƙasar shekaru da dama.

Me ya jawo yajin aikin ma'aikatan Singer na 1932 zuwa 1933?

Tushensa faɗuwar kuɗi ne. A Disamba 1931 Japan ta daina ɗaure kuɗinta da zinariya, darajar yen ta faɗi ƙwarai a kan dala cikin shekarar da ta biyo, kuma tun da daga waje ake kawo kekunan, kamfanin ya ƙara farashi. Mai talla da ke rayuwa da kamasho sai ya ga ciniki ya tsaya, ga shi kuma tsarin kamfanin na ɗora masa wani ɓangare na asara idan wanda ya sayar wa ya kasa biya. Ma'aikatan sun nemi a rage farashi, a gyara sharuɗɗan aiki, a ba su kuɗin sallama irin wanda manyan kamfanonin Japan ke bayarwa. Shugabannin Singer suka ƙi, bisa hujjar cewa tsarinsu ɗaya ne a ko'ina cikin duniya.

Rikicin ya ɗauki watanni, ya kuma ɗauki launin kishin ƙasa, inda masu yajin ke cewa baƙon kamfani na wulakanta 'yan ƙasa. A Janairu 1933 aka yi mummunar arangama a ofishin kamfanin da ke Yokohama tsakanin masu yajin da 'yan tsaron da aka ɗauko haya, aka jikkata mutane da yawa, 'yan sanda suka kama da dama. Cikin 'yan makonni yajin ya watse ba tare da ma'aikatan sun samu manyan buƙatunsu ba. Nasarar ta zame wa Singer asara, domin ƙwararrun masu talla da manajojin da aka kora ko suka ajiye aiki sun koma ƙananan kamfanonin gida, suka tafi da duk abin da suka koya: raba unguwanni, bi gida-gida, littafin bashi, da malamar da ke koyarwa.

Su wane ne kamfanonin gida na farko, kuma da me suka yi gogayya?

Biyu ne suka fi fice. A 1921 Ose Yosaku da abokan aikinsa suka kafa kamfanin Pine a Tokyo, wanda daga baya ya zama Janome. A Nagoya kuma Yasui Kanekichi ya buɗe shagon gyaran keke a 1908, kuma 'ya'yansa, musamman Masayoshi da Jitsuichi, a kan gyaran kekunan waje suka koyi sirrin ƙirarsu. A 1928 suka fitar da keken ɗinka malafar kaba da sunan Brother, a 1932 suka yi nasarar ƙera keken gida, bayan sun shawo kan ƙaramin ƙarfen nan da ke kama zaren ƙasa, wanda shi ne ya fi wuyar ƙerawa daidai.

Kekunansu kwaikwayon samfurin Singer ne mai lamba 15, kuma ba su ɓoye hakan ba. Da araha suka yi gogayya, da kiran a sayi na gida, da kuma wata dabara da Ose ya ɓullo da ita a 1930. Maimakon a ɗauki keke a biya daga baya, sai mace ta yi rajista ta riƙa zuba ƙaramin kuɗi kowane wata, kamar mai zubin adashi, har abin da ta tara ya kai wani mataki, sannan a kawo mata keken ta ci gaba da biyan ragowar. Wannan ya buɗe ƙofa ga gidajen da ba su da kafin alƙalamin Singer, ya ba iyaye damar fara tanadin keken 'yarsu tun kafin a sa ranar aure, ya kuma ba kamfanin da ba shi da jari kuɗin da zai juya. Daga 1937, da yaƙi da Sin ya ɓarke aka tsaurara shigo da kaya, kekunan Singer suka daina shigowa, kasuwa ta koma hannun 'yan gida.

Wane tasiri Yaƙin Duniya na Biyu ya yi?

Yaƙin ya tsayar da ƙera keken gida, domin ƙarfe da masana'antu sun koma aikin soja, amma ya tura mata ga ɗinkin da keke ya dace da shi. A 1940 gwamnati ta fitar da rigar ƙasa ta maza mai kama da kakin soja, a 1942 ta fara rabon tufafi da kati, ta kuma fitar da samfuran sutura ga mata. Abin da ya karɓu a aikace shi ne monpe, wandon aikin gona mai ɗaure a idon sawu, wanda mata ke yankawa daga tsofaffin kimono don su iya gudu da ɗaukar bokitin kashe gobara. An kuma tara 'yan mata 'yan makaranta a ɗakunan ɗinki suna haɗa kakin soja. Kafin yaƙin ya ƙare a 1945 miliyoyin mata sun saba da sanya wando, kuma ruwan bama-baman da ya ƙone birane ya cinye kekuna masu yawa tare da gidajen da suke ciki.

Me ya sa keken ya bazu da sauri haka bayan 1945?

Abubuwa da dama suka haɗu. Mutane ba su da tufafi, babu kuma na kanti da za a saya, saboda haka duk abin da ya tsira daga wuta, ko kimono ne ko bargon soja, sai a farke shi a mayar da shi siket ko rigar yaro. Ga zawarawan yaƙi masu 'ya'ya a hannu, waɗanda keke ya zame musu hanyar ci da iyali ba tare da barin gida ba. Ga kuma sha'awar suturar Amurkawa da aka riƙa gani a tituna da mujallu a zamanin da sojojin Amurka suka mamaye ƙasar bayan yaƙi. Makarantun koyon ɗinkin Turawa suka cika maƙil, suka kai dubbai, ɗalibansu kuma suka kai wajen rabin miliyan a tsakiyar shekarun 1950. Budurwa kan yi shekara ɗaya ko biyu a irin wannan makaranta tsakanin gama sakandare da aure, kuma keke ya shiga sahun kayan ɗakin amarya.

A ɓangaren masu ƙerawa, masana'antun makamai da aka hana su sana'arsu sun ga cewa keken ɗinki na buƙatar irin ƙwarewar da suke da ita ta sassaƙa ƙananan ƙarafa daidai wa daida. Juki, wanda aka kafa a 1938 kuma ya ƙera bindigogi lokacin yaƙi, ya fitar da kekensa na gida a 1947. Rukunin Toyota ma ya fara ƙera keke a 1946. A ƙarshen shekarun 1930 gida ɗaya cikin goma ne, a ƙiyasi, ke da keke. Zuwa 1960 kusan gida bakwai cikin goma na birane sun mallake shi, wato ya riga firji da injin wanki shiga yawancin gidaje.

Yaya keken ya zama babban kayan da Japan ke fitarwa waje?

Sirrin yana cikin daidaita ma'aunin kayan haɗi. A ƙarshen shekarun 1940 masu sana'ar da jami'an gwamnati suka amince da ma'auni ɗaya ga keken gida na yau da kullum, wanda aka sani da HA-1. Da aka yi haka, ƙaramin maƙeri a Osaka mai ma'aikata goma zai iya duƙufa a kan ƙarfe ɗaya tak, ya yi ta fitar da shi dubbai, yana da tabbacin zai shiga kowane keke. Wasu kuma aikinsu harhaɗawa kawai. Farashi ya faɗi, inganci ya tashi, ga kuma canjin kuɗi da aka tsayar a yen 360 kan dala ɗaya daga 1949 zuwa 1971, wanda ya sa kayan Japan suka yi araha a waje.

Brother ya aika kekuna 200 zuwa Shanghai a 1947, ya buɗe reshen sayarwa a Amurka a 1954. Cikin shekarun 1950 kekunan Japan suka cika kantunan Amurka, galibi ɗauke da sunayen da 'yan kasuwar can suka laƙaba musu, har babban kantin Sears ya koma sayo nasa daga Japan. A 1960 Janome ya saye tsohon kamfanin Amurka mai suna New Home. Gasar karya farashi tsakanin ƙananan masu harhaɗawa ta yi tsanani har hukuma ta sa baki da duba inganci kafin fitarwa da kuma tsara yawan abin da za a fitar. Singer ya dawo Japan ta hanyar haɗin gwiwa da wani kamfanin gida a tsakiyar shekarun 1950, duk da adawar masu sana'ar, amma bai sake kusantar matsayinsa na da ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 Japan na ƙera kekunan gida fiye da miliyan 4 a shekara. Darasin da aka koya a nan, na daidaita ma'auni da rarraba aiki ga ƙananan masana'antu da kutsawa kasuwar Amurka, ya yi amfani a harkar kyamara da babur da mota.

Keken ya sauƙaƙa wa mata rayuwa ne, ko ya ƙara musu aiki?

Duka biyun sun faru, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya bai faɗi gaskiyar tarihin ba. Binciken da aka yi kan yadda matan aure ke kashe lokacinsu a shekarun 1940 da farkon 1950 ya nuna kimanin awa uku a rana na tafiya a ɗinki. Keken bai rage wannan lokaci nan take ba, domin da ɗinki ya yi sauri sai yawan kayan da ake sa ran uwa ta ɗinka ya ƙaru. Tsarin karatu ma ya ƙarfafa rabon aikin: a manhajar ƙaramar sakandare da aka fitar a 1958 an ware wa maza aikin katako da ƙarfe, mata kuma girki da ɗinki, kuma sai a 1993 da 1994 aka haɗa su aji ɗaya a ƙaramar sakandare da babba.

Akwai kuma aikin ƙwadago na cikin gida, wanda ake kira naishoku. Dillali kan kawo yankakkun kaya a ɗaure, mace ta haɗa su a kekenta tsakanin girki da reno, a biya ta bisa ƙirga, kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Rigunan mata masu arahar gaske da suka cika kasuwar Amurka a tsakiyar shekarun 1950, har aka yi musu laƙabi da rigar dala ɗaya, sun fito ne daga ƙananan ɗakunan ɗinki da hannayen mata masu ƙaramin lada. Sai a 1970 aka yi dokar da ta kare masu irin wannan aiki.

A ɗaya gefen, keken ya ba mata da yawa sana'a ta kansu a zamanin da ofisoshi ke sallamar mace da zarar ta yi aure. Wasu sun buɗe shago a gaban gida, wasu sun zama malamai, wasu sun kafa makarantu. Koshino Ayako ta riƙe shagon ɗinki a garin Kishiwada bayan mijinta ya rasu a yaƙi, ta reni 'ya'ya mata uku, Hiroko da Junko da Michiko, waɗanda duka suka zama sanannun masu zana tufafi. Mori Hanae ta fara da ɗan shago a Shinjuku a 1951 kafin sunanta ya kai Paris. Makarantar Bunka, bayan ta fara karɓar maza a 1957, ta yaye Takada Kenzo da Yamamoto Yohji. Waɗannan su ne 'yan kaɗan da suka yi suna, kuma a ganina matan naishoku, da suka fi su yawa ninkin ba ninkin, sun fi bayyana abin da keken ya zama a rayuwar yawancin gidaje.

Akwai alaƙa tsakanin wannan tarihi da kekunan da telolinmu ke amfani da su?

Akwai. Keken wuta mai gudu na Juki ko Brother da ake gani a shagunan Kano da Zinder ya samo asali ne daga lokacin da kamfanonin Japan suka juya ga kekunan masana'antu, kamar yadda Juki ya yi daga 1953. Manyan injinan surfani masu aiki da kwamfuta na Tajima da Barudan daga lardin Aichi suke. Baƙin keken ƙafa mai suna Butterfly kuwa na Sin ne, daga Shanghai, ko da yake shi ma ƙirarsa ta tsohon samfurin Singer ce, irin wadda Japanawa suka kwaikwaya.

Me ya sa keken ya ja baya a gidajen Japan, kuma ina yake a yau?

Kayan kanti ne suka kayar da shi. Daga shekarun 1960 masana'antun tufafi suka daidaita ma'aunin jiki, manyan kantuna suka cika da riguna masu araha, mata kuma suka ƙara fita aiki, sai ɗinka riga a gida ya daina zama tattali. Tsadar ma'aikata da tashin darajar yen, musamman bayan 1971 da kuma 1985, suka kori ƙera keken gida zuwa Taiwan, inda Janome ya buɗe masana'anta a 1969, sannan Thailand da Sin da Vietnam. Riccar, ɗaya daga cikin manyan kamfanoni uku na keken gida, ya durƙushe a 1984. Waɗanda suka tsira sun nemi wata hanya. Brother ya fara ƙera tafireta a 1961, yau kuma an fi saninsa da firinta. Juki ya riƙe kekunan masana'antu, ya ƙara da injinan dasa ƙananan kayan lantarki a allunan na'urori. Janome ya fitar da keke mai kwamfuta a 1979, ya kuma shiga ƙera na'urorin masana'antu.

A cikin gida keken ya koma abin sha'awa da na buƙatar lokaci-lokaci. Yaran firamare, maza da mata, suna koyon taka shi a aji biyar. Iyaye da yawa kan fito da shi a watan Maris don ɗinka jakar littattafai da ta takalma kafin yaro ya shiga makaranta a Afrilu. A 2020, da takunkumin fuska ya yi ƙaranci saboda annobar korona, cinikin kekuna ya tashi sosai na ɗan lokaci. Tallar gida-gida kuwa ta yi ta raguwa tun bayan dokar da ta tsaurara ta a 1976, kuma Janome ya daina ta gaba ɗaya a 2023.